Kafin Ka Tambayi Kuɗin Bandir: Abin Da Rufin Gidanmu Na Wudil Ya Koya Min

1/ Jama'a, duk mai gida, ko wanda iyayensa ke da gida, ya matso. Daminar bara iska ta yaye rufin ɗakuna biyu a gidanmu na Wudil, ni aka ɗora wa tsayawa kan gyaran. Na sha wahala, na yi asara, amma na koyi karatu. Bari in ba ku shi kyauta 🧵👇

2/ Wajen ƙarfe biyun dare ne. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗawa, sai muka ji ƙara kamar an kifar da tirela. Kafin mu fito, kwanon ɗakin Hajiya yana gidan maƙwabta, har da katakonsa. Katifa, buhun masara, takardun ƙanwata, komai ya jiƙe sharkaf.

3/ Da gari ya waye, tambayar farko da kowa ya yi ita ce: "Nawa ne bandir ɗin kwano yanzu?" Ni ma ita na yi. Kuma ita ce tambayar da ta fi yaudarar mutane. Kwano ɓangare ɗaya ne kawai. Akwai aƙalla abubuwa bakwai da ke yanke kuɗin rufi, kuma da yawansu suna hannunka.

4/ Ra'ayina tun daga farko, don kada a ce na ɓoye: tsada gaskiya ce, ba na musu. Amma babban kaso na kuɗin da muke kashewa a rufi, mu muke jawo wa kanmu shi ta hanya uku: jinkiri, son araha, da son a gani. Wanda bai yarda ba ya bari in gama, sai mu yi ta.

5/ NA ƊAYA: LOKACI.
Daren da iska ta ɗauke namu, ba mu kaɗai ta taɓa ba. Da safe duk kafintan da na kira yana kan rufin wani. Mai a-kori-kura ya san kana cikin matsi. Mai shago ya gani a fuskarka. A irin wannan ranar ba ka da bakin ciniki, abin da aka faɗa shi za ka biya.

6/ Abin haushin, rufin nan ya yi shekara uku yana ba mu sanarwa. Silin ya yi tabo. Ana jin kwanon yana ƙwal-ƙwal in iska ta taso. Maganinmu? Muka ɗora masa bulo biyu da tsohuwar taya. Duk wanda ya bi unguwanninmu ya ɗaga kai sama ya san ba mu kaɗai ke wannan dabarar ba 😅

7/ Da a watan Janairu ko Fabrairu muka yi aikin, da na zaga shago biyar, na kira kafinta uku, na sayi kaya kaɗan-kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa sai da ruwa ya sauka a kan gadon mahaifiyarmu muka fara neman bashi.

8/ NA BIYU: KAURIN KWANO.
Kwano ba iri ɗaya ba ne ko da launinsu ɗaya. Akwai na gargajiya da ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a bandir. Akwai alminiyam dogo da ake yanko maka daidai tsawon rufinka. Akwai mai tsakuwa a jiki da ake kira Gerard. Kowanne kuma yana da kauri kala-kala.

9/ Misali a alminiyam za ka ji ana cewa 0.45 ko 0.55, wato milimita. A ido bambancin ba komai. A lissafi, 0.55 ya fi 0.45 yawan ƙarfe da kusan kashi 22 cikin 100. To in wani ya ce zai ba ka 0.55 a kuɗin 0.45, ka tambayi kanka, daga aljihun wa cikon zai fito?

10/ Na taɓa kwanon da ya tashi daga ɗakin Hajiya. Wallahi da yatsa biyu nake lanƙwasa shi, langa-langa ce kawai. Duk inda aka buga ƙusa ya yage, ramin ya buɗe. Ƙusoshin na nan daram a jikin katako, kwanon ne ya zare ta kansu ya yi gaba.

11/ Akwai ɗan abin auna kauri, maikuromita ake ce masa. Ka ce a auna a gabanka, falle biyu ko uku daga tsakiyar bandir, ba na sama ba. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara cewa "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka yi masa sallama cikin mutunci.

12/ NA UKU: KATAKO.
Nan ne aka fi cutar kai, don ba a ganinsa in an rufe. Mutum zai sayi kwano mai ƙyalli saboda shi mutane ke gani, sannan ya matse kuɗin katako. Alhali katakon ne ƙashin bayan rufin. Kwano riga ce kawai.

13/ Abubuwa uku ke sa katako tsada ko araha: irin icen, girmansa, da ko ya bushe. Tu-bai-fo da aka rage masa jiki a wurin yanka ba tu-bai-fo ba ne, ko da sunan aka sayar maka. Ɗanyen katako kuwa in ya bushe a sama sai ya murɗe, ƙusa ta saki, yoyo ya fara.

14/ Sai gara. Da muka sauke ragowar rufin, katakon da ke kwance kan bango ya zama gari, fatar waje ce kawai ta rage. Ba a shafa masa komai ba ranar da aka kafa shi. Kuɗin maganin gara bai kai kuɗin falle kaɗan na kwano ba, amma rashinsa ya ci mana rufi guda.

15/ Wani tsohon kafinta da na kira daga baya ya duba ya girgiza kai. Na ce, "Baba, iskar ce ta yi ƙarfi ko?" Ya ce, "Ɗana, iskar da ta bi ta gidanku ita ta bi ta masallacin can, ga shi nan lafiya. Ba a ɗaure rufin nan da bango ba, ɗora shi aka yi kamar faifai."

16/ Nan na fahimci wani abu. Iska ba danna rufi take ba, tsotso shi take sama, musamman a gefe-gefe da kusurwa. Kuma in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take yi wa rufin ninki huɗu yake. Shi ya sa bulo da taya ba sa hana komai, sai ma su zama abin da zai faɗo kan mutum.

17/ Maganin shi ne a ɗaure katakon rufi da linta ta hanyar rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne a cikin ginin, a kuma ƙara yawan ƙusa a gefuna. In kafinta bai kawo maganar ɗauri a lissafinsa ba, kai ka kawo. Wannan ɗan ƙarin shi ne kuɗi mafi albarka a duk aikin.

18/ NA HUƊU: SIFFAR RUFI.
To nan fa zan taɓo wasu. Yayin da ake yi yanzu na dogon rufi mai tsini, mai lungu-lungu, kamar hular sarki. Jama'a, ƙanƙara ce ke zuba a Wudil? A Turai ana miƙe rufi don dusar ƙanƙara ta zame. Mu me muke zamarwa?

19/ Ga lissafin, ba ra'ayi ba ne wannan. In rufi ya karkata digiri 15, faɗinsa ya fi na ƙasan ɗakin da kusan kashi 4 cikin 100 kacal. A digiri 30, kusan kashi 15. A digiri 45, kashi 41. Gida ɗaya, ɗakuna ɗaya, amma kwano ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

20/ Ba kwano kaɗai ba. Katako ya ƙaru, ƙusa ta ƙaru, kwanakin aiki sun ƙaru, kafinta ya ƙara kuɗi saboda hatsarin hawa. Kowane lungu kuma yana nufin yanka da ɓarnar guntaye, sannan nan ne yoyo ke fara ɓullowa. Ka biya ƙari don ka sayi matsala.

21/ A yi adalci: rufi mai ɗan tsawo yana rage zafi, don akwai iska tsakanin kwano da silin. Kuma wanda ya kwanta da yawa yana riƙe ruwa. Amma tsakanin wannan da gasar "nawa ya fi na wane tsawo" akwai tazara. Mai kuɗi ya yi abinsa. Kai da ka ci bashi fa?

22/ Haka ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwanon. Yana da kyau a ido, yana kuma kare gefuna daga iska. Amma duk ruwan yana taruwa ne a magudana ɗaya a ciki. In an ƙuntata ta, ko leda da ƙasa suka toshe ta, ruwan cikin bango zai bi.

23/ Kada ku raina ruwan. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan milimita 30, lita 3,000 ke sauka, jarka 120 mai lita 25. A malkar Agusta wannan ba abin mamaki ba ne. Ka tambayi kanka ina ruwan nan zai bi.

24/ NA BIYAR: DALA DA MAN FETUR.
Wannan kam ba laifinmu ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. A Yunin 2023 kuma aka saki naira.

25/ Dalar da ke wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024. Me ya haɗa wannan da ɗakin Hajiya? Yawancin ƙarfen da ake murza kwano da shi daga waje ake shigo da shi, a naɗe, a nan ake yanka shi a ba shi siffa. In dala ta yi tari, kwano ya kama mura.

26/ Kuma abin takaici, Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau ba ta zama abin da aka yi alkawari ba. Kamfanin narka alminiyam na Ikot Abasi a Akwa Ibom ya shafe shekaru cikin rigimar mallaka. Da waɗannan suna aiki yadda ya kamata, da ba dala ce ke yanka mana farashin rufi haka ba.

27/ Sai sufuri. Katako mai kyau daga kudu yake tasowa, irin su Ondo da Edo, ya sha dizal har Kano. Daga 'Yan Katako na Na'ibawa ko Ƙofar Ruwa zuwa Wudil kuma akwai kimanin kilomita 40. In gidanka na Utai ne ko Lajawa ko Darki, ƙara wani abu a kai.

28/ Shawarata: kada ka ruga Kano don an ce ya fi araha. Haɗa kuɗin kaya da na mota da na lodi da saukewa da yininka, sannan ka gwada da farashin cikin Wudil. In kayan da yawa, Kano na iya fi. In kaɗan ne, sau da yawa riba a hanya take ƙarewa. Ni sawu uku na yi saboda rashin lissafi.

29/ In kuma maƙwabcinka ma yana da aikin, ku haɗa mota ɗaya. Ku kuma kauce wa Juma'a in da hali. Duk ɗan Wudil ya san yadda hanya da gada ke cushewa ranar kasuwa, ga motocin shanu ga na kaya, kuma masu mota sun san ranar tasu ce.

30/ NA SHIDA: ABIN DA KE ƘARƘASHIN RUFIN.
Sauya rufi ba kamar sabon gini ba ne. Sai ka buɗe za ka ga abin da ke ciki. Mu mun tarar saman bango ya tsage, sai da birkila ya shigo: bulo, siminti, yashi, rodi. Wayar wuta ta lalace. Silin gaba ɗaya sabo. Babu ɗaya a lissafin farko.

31/ In ginin ƙasa ne kuma, a yi hattara sosai. Wasu na sauke soro su ɗora kwano ba tare da sun ƙarfafa saman bangon ba, ba su kuma bar kwanon ya zarce ya kare jikin bango ba. Ruwa ya dinga dukan katanga. An gudu daga yoyo, an faɗa rushewa.

32/ Soro ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya kwana a ɗakin azara a watan Afrilu ya san sanyin da kwano ba zai taɓa ba shi ba. Matsalarsa yana son yaɓe da gyaran indararo duk shekara, ga azarar giginya ta yi wuya. In naka na da lafiya, yi tunani sau biyu kafin ka rushe shi don yayi.

33/ Wani gargaɗi: in tsohon silin ko rufin na asbestos ne, kada a farfasa shi da guduma yara na tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa na jawo cutar daji. A jiƙa shi, a cire shi a hankali ba tare da an karya ba, a rufe hanci. Wannan ya fi ƙarfin maganar kuɗi.

34/ Don haka duk lissafin da aka ba ka, ka ajiye wani abu a gefe na ba-zata. Sannan tsohon kwanon kada ka bar shi ya salwanta. Mai ɗan lafiya ya yi rumfa ko ɗakin awaki, ragowar 'yan gwangwan na saye da kilo. Namu shi ya biya rabin kuɗin ƙusa.

35/ NA BAKWAI: MAI AIKI.
Mun iya zagin kafintoci, amma mu faɗi gaskiya. Mutum zai hau sama cikin ranar Kano, ba igiya, ba inshora, in ya faɗo iyalinsa ne a ciki. Ka matse shi har ya karɓi abin da bai isa ba. To a ina kake zaton zai fanshe? A ƙusarka da katakonka.

36/ Kafintan farko da na ɗauka shi ya fi kowa araha. Na ba shi kafin alƙalami mai kauri, ya yi kwana biyu, ya ɓace zuwa wani aikin. Hajiya ta ce, "Kai dai ba ka jin magana, ai araha ba ta ado." Kwana tara ɗakin na rufe da tamfol. Laifina ne, ban je na ga aikinsa na baya ba.

37/ Abin da ya yi min aiki a karo na biyu: a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A rubuta komai a takarda, adadin falle, kauri, girman katako, tazarar da za a bari tsakaninsu, kilo nawa na ƙusa. A biya kashi-kashi. Cikon ƙarshe sai an yi ruwa an ga ba yoyo, ko an watsa ruwa an gwada.

38/ Ƙaramin abu amma mai tsada: ƙusa. A sa mai hula da roba, a buga ta a tudun kwano ba a kwarinsa ba. In alminiyam ne, a nemi ƙusar da ta dace da shi, don baƙin ƙarfe da alminiyam in suka haɗu da danshi, wurin ci yake. Rufi da yawa ta bakin ƙusa suke mutuwa.

39/ Na san me wani zai ce: "Malam, kana maganar 0.55, mu abinci muke nema." Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi N70,000 ne tun Yulin 2024, kuma da yawa ko shi ba sa samu. Ba na zargin wanda ya sayi langa-langa don ita kaɗai ya iya. Allah Ya hore mana baki ɗaya.

40/ Amma ko a cikin rashi akwai tsari. In kuɗin ba su isa komai ba, ga jerin da zan bi: ɗauri da farko, sai katako da maganin gara, sai kauri, launi da ado a ƙarshe. Gara ka rufe ɗaki ɗaya da kyau bana, ɗaya baɗi, da ka rufe uku da abin da zai tashi a hadarin farko.

41/ Mai kuɗi in rufinsa ya tashi, waya zai buga. Talaka ne ke biyan rufi sau biyu, ga asarar hatsi da katifa a kai. Shi ya sa nake ganin maganar inganci ta fi shafar mara ƙarfi. Adashin da muke yi na biki da waya, me zai hana a yi na rufi, a kwashe a watan sanyi?

42/ Masu gidajen haya, musamman na kusa da Jami'ar Aliko Dangote, ku ji tsoron Allah. Ɗalibi ya biya kuɗin shekara cif, ruwa ya zubo kan kwamfutarsa, a ce masa "a yi haƙuri sai bayan damina." Yoyon da kake ƙin tarewa yau, katakonka yake ci, ba na ɗalibin ba.

43/ Ku kuma masu kama haya, kafin ku biya ku ɗaga kai. Tabo a silin, baƙi-baƙi a kusurwa, bulo a kan kwano, duk shaidu ne. A yi maganar wa zai gyara tun kafin kuɗi su bar hannunka, a gaban shaida. Bayan ka biya, labari ya canza.

44/ Gwamnati kuma: in iska ta yi ɓarna, SEMA da NEMA kan kawo tallafin kwano da ƙusa da siminti. Madalla. Amma in an mayar da sabon kwano kan ruɓaɓɓen katako ba ɗauri, baɗi ma za a dawo. A haɗa da horar da kafintocinmu kan ɗaure rufi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a garin, masu ilimin suna nan.

45/ Mu matasa, yawancinmu mu ake kira in abu ya lalace a gida. To kada mu jira kiran. Wannan ranin, je gida, shiga ɗakin Hajiya da rana ka rufe ƙofa, in silin a buɗe yake ka duba ko haske na shigowa. Sa a leƙa katakon, a soka masa ƙusa a ji ko gara ta riga ku.

46/ Mu dai mun gama namu. Rufi mai sauƙi, gangare biyu, ba lungu, an ɗaure shi da rodi. Ba wanda zai tsaya a hanya ya ɗauki hotonsa. Amma ranar da aka yi ruwan farko bayan gyaran, na kira Hajiya da asuba na ce, "Ya ruwa?" Ta ce, "Au, an yi ruwa ne?"

47/ Kafintoci da birkiloli da injiniyoyin da ke nan, in na yi kuskure ku gyara min, in na manta wani abu ku ƙara. Wanda kuma ya sauya rufi kwanan nan ya faɗa mana garinsu da abin da ya fi cin kuɗinsa, wani zai amfana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sharrin iska. Amin 🤲